Bizar Dawowar Zakiyya

Daga Zakiyya zuwa ga mijinta Abdulkahar
Sansanin atisaye, gabashin Kazakistan
Farkon Satumba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abu Wafa', bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan ta same ku lafiya, kai da 'yarmu. Ya aiki, ya zafin Jidda? Ya ƙafar Baba?

Na iso lafiya, alhamdu lillah. Kada ka ji wayata a kashe hankalinka ya tashi. Ranar da muka sauka aka karɓe wayoyin 'yan rukuninmu duka aka kulle. Kwamfuta ɗaya aka bar mana a ofis don rubuta wa iyali, da sharaɗin kada mu faɗi ainihin wurin ko mu aika taswira. To ka ga, dole ka haƙura da surutuna a rubuce.

Ka fi ni sanin yadda irin wannan atisaye yake, amma bari in ba ka labari yadda na gan shi. An raba mu gida biyu. Rukuni ɗaya sufetoci ne, masu koyon yadda ake kama ƙasar da ta gwada makamin nukiliya a ɓoye. Ɗaya rukunin shi ne ƙasar da ake zargi. Ƙasa ce ta ƙirƙira, sun raɗa mata suna Zumurda, kuma a cikinta na faɗa. Aikinmu mu zauna mu rubuta manufar gwaji tun daga tushe, kamar da gaske muke: wa ke ba da izini, wace ma'aikata ke jan ragamar sauran, yaushe masana ke miƙa wa soja, wa ke da ikon cewa a dakata. Babu bam ko ɗaya a nan, sai takardu da gardama da wani rami da za a binne alamu a ciki. Idan mun gama sai sufetoci su shigo su yi ta nema.

Ka san wa ke shugabantar Zumurda? Wani Dakta Thamer, ɗan Jidda, gidansu a Ruwais! Na zo ƙarshen duniya na tarar da mutumin da muke musu da shi kan inda ake sayar da ful, dafaffen waken nan, mafi daɗi. Ya ce na unguwarsu, na ce wallahi bai ci na Bab Makka ba ne. Jiya ya karanta abin da na rubuta kan yadda ma'aikatu za su riƙa miƙa wa juna rahoto, sai ya ture takardar ya ce, “Halas, daga yau ke ce mai daidaita aikin rukunin nan.” Akwai furofesoshi a teburin, Abu Wafa'. Sai da na riƙe gefen kujera.

Ban manta kai ka nuna mini tallar aikin nan ba, kai ka zaunar da ni muka cike takardun tare, taka da tawa. Har yanzu idan na tuna ni aka kira ba kai ba, sai in ji nauyi. Duk abin da na sani a fannin nan a bakinka na fara jin sa, tun muna Zariya kana koya mana lissafi a gindin bishiya.

Sanyi ya fara. Ka sumbatar mini Wafa', kada ka bar ta ta kwana sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na buga mata a kai.

Matarka mai kewarka,
Zakiyya


Daga Abdulkahar zuwa ga Zakiyya
Jidda
Tsakiyar Satumba

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Maman Wafa', wasiƙarki ta iso, kuma na yi farin cikin jin kin sauka lafiya. Mu ma lafiya ƙalau. Zafi da gumi kamar yadda kika bar su. Mutum ya fito daga mota gilashin idonsa ya rufe da tururi. Wafa' tana zuwa makaranta. Na gwada yi mata kitso sau ɗaya, ta yi kuka, na kai ta wurin yayarki Lubabatu a unguwar Sa'alaba. Ƙafar Baba da sauƙi, yana fita shago.

Ina taya ki murnar muƙamin. Sai dai na lura a jerin da kika kawo ba ki ambaci masu auna girgizar ƙasa ba, kuma ba ki ce komai ba kan masu lura da yanayi. Duk manufar gwajin da ba ta ajiye waɗannan biyun kusa da mai yanke hukunci ba, ta gurguje tun kafin a fara. Na ɗauka Daktan naku zai nuna miki wannan. Wataƙila hankalinsa yana kan ful.

Ni aikina yana nan yadda yake. Da safe in gwada na'urar hoton ƙirji, da rana in gwada na'urar gasa ciwon daji, in sa hannu cewa ba ta wuce ma'auni ba. Gobe ma haka. Mutumin da ya rubuta digirinsa na biyu kan yadda ake bambanta girgizar ƙasa da fashewar bam a ƙarƙashin ƙasa, yau shi ne mai duba rigar dalma ko ta tsage. Ba ƙorafi nake ba, Allah ne mai rabo.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla mun tsaya gaisawa da 'yan gida. Zaharaddeen, wanda muke aiki tare, ya riƙo hannuna ya gabatar da ni ga wani sabon likita da ya zo daga Sakkwato. Ya ce, “Wannan shi ne mijin Dakta Zakiyya, wadda aka ɗauka aikin nukiliya.” Bai faɗi sunana ba sai da mutumin ya tambaya. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Abu ɗaya zan ce, kuma kada ki ɗauke shi da zafi. Na karanta wasiƙarki, na ga sunan Thamer ya fi nawa samun wuri. Ke matar aure ce a ƙasar da ba ki san kowa ba. Musun abinci da namiji, da raha a teburi, ba su cikin abin da aka tura ki yi. Yana da iyali kuwa?

Ba sai kin riƙa jin nauyi don ba a ɗauke ni ba. Na manta da wannan zancen tuni.

Allah ya tsare. Wafa' tana gaishe ki.

Mijinki,
Abdulkahar


Daga Zakiyya zuwa ga Abdulkahar
Sansanin atisaye
Ƙarshen Satumba

Assalamu alaikum, Abu Wafa'.

Ina fatan kuna lafiya. Na gode da gyaran da ka yi mini. Masu lura da yanayi suna cikin tsarin tun farko, a wasiƙa ne ban kawo su ba, amma maganarka ta sa na matso da su kusa da shugaban gwaji. Dakta Thamer yana da mata, sunanta Areej, da 'ya'ya manya, da jika. Gemunsa fari ne fat. Ya isa haka?

Bari in ba ka labarin abin da ya hana ni sukuni. An kai mu wani ƙauye kusa da tsohon filin da aka yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a zamanin Tarayyar Sobiyet. Wata tsohuwa ta karɓe mu da shayi mai madara da soyayyen fulawa. Ta bakin tafinta ta ce lokacin tana yarinya sojoji kan zo da safe su ce kowa ya fito daga ɗaki ya kwanta a ƙasa, kada ya ɗaga kai. Ita kuwa ta ɗaga. Ta ce ta ga rana ta biyu ta fito daga inda rana ba ta fitowa, tagogi suka farfashe, tumaki suka yi ta gudu. Da yamma aka ce kowa ya koma gida, suka ɗebi ruwa a rijiya suka yi girki. Na tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta nuna mini hotuna a bango, ta riƙa taɓa waɗanda suka rasu da yatsa. Yatsan bai tsallake da yawa ba.

Da muka koma sansani na buɗe manufarmu, shafi bayan shafi, ban ga mutumin ƙauye ko ɗaya a ciki ba. Washegari na ce dole a ƙara babi kan mutanen da iska za ta bi ta kansu. Wani tsohon kanar a rukuninmu ya ce, “Dakta, ƙasar da ke ɓoye gwaji ba ta gargaɗin kowa.” Na ce, “To mu rubuta ofishin da ya yanke kada a gargaɗe su, da sunansa. Idan kuma an kwashe su, mu rubuta wa ya kawo motoci, wa ya tare makiyaya, wane asibiti aka cika da magani. Ba a motsa mutane a ɓoye, ya Kanar. Nan ne sufeto zai ga sawu.” Dakta Thamer ya buga teburi ya ce, “Yalla, rubuta.”

Babin ya kai hannun manyan hukumar da ta shirya atisayen. Sun ce in tsaya bayan atisaye in shiga cikin masu rubuta shawarwari, kuma ni zan gabatar da aikin Zumurda a taron rufewa, gaban wakilan ƙasashe. Wannan zai kai mu tsakiyar Nuwamba.

Ga inda nake buƙatarka. Bizata ta fita da dawowa za ta ƙare a ƙarshen Oktoba. Tunda iƙamata, takardar zamana a Saudiyya, a ƙarƙashinka take, kai kaɗai za ka iya ƙara mini wa'adi, kuma ta waya ake yi, ba sai ka je ko'ina ba. Min fadlak, don Allah ka yi mini da wuri in samu natsuwa.

Na san na bar maka nauyi. Zan rama maka, wallahi.

Taka,
Zakiyya


Daga Abdulkahar zuwa ga Zakiyya
Jidda
Farkon Oktoba

Salamun alaikum.

Maman Wafa', muna lafiya. Na karanta labarin tsohuwar, Allah ya ji ƙan waɗanda ta rasa.

Game da biza, na yi tunani, kuma ba zan ƙara ba. Da za ki tafi, wata biyu muka yi magana a kai, na amince da zuciya ɗaya. Yanzu an ce Nuwamba. Idan Nuwamba ta zo za a ce wani taron ne a wata ƙasar, Thamer ya sake buga teburi, ke kuma ki sake rubuto mini min fadlak. Farin gemu bai taɓa hana namiji ganin mace ba, kuma ban san dalilin da ya sa a cikin furofesoshi ke kaɗai ce kullum maganarki ke burge shi ba.

Wafa' ta daina tambayar yaushe za ki dawo. Wannan ya fi damuna a kan lokacin da take tambaya.

Batun bin sawun kwashe mutane ba sabon abu ba ne, na taɓa gaya miki shi a mota muna dawowa daga Makka, ko da yake ba na tsammanin kin ambata musu. Ko ma mene ne, kin riga kin rubuta babin. Wani ya karanta a taron. Takarda ba ta buƙatar mai ita ya tsaya a kanta.

Ki yanki tikiti kafin wa'adin ya cika. Zan zo filin jirgi.

Mijinki,
Abdulkahar


Daga Baba zuwa ga 'yarsa Zakiyya
Sa'alaba, Jidda
Tsakiyar Oktoba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Ya binti, Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a ƙasar sanyi. Ni ke faɗa, yayarki Lubabatu ke bugawa, tana ta ce mini in taƙaita. Ba zan taƙaita ba. Ƙafa da sauƙi. Kasuwa sai hamdala, 'yan umara sun fara shigowa, an sayi yadi. Wafa' tana nan wurinmu yau, ta ci dafaffen waken balila har ta ɓata riga.

Saƙonki ya iso, inda kika ce in yi wa mijinki magana. Kafin in neme shi sai ga shi da kansa a shago, bayan La'asar, ya zauna a kan bandir ɗin atamfa kamar wanda aka kora daga gida. Ya rame, ya binti. Na aika aka kawo shayi. Ya juya kofi, ya juya, sannan ya ce, “Baba, kun san gidan su wani Thamer a Ruwais?” Na ce na san mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, a wurina yake sayen farin yadi. Mutanen kirki ne. Ya ce to. Ya tashi ya tafi bai sha shayin ba.

Ashe can ya nufa. Washegari ya dawo ya ba ni labari da bakinsa. Ya je ya yi ta zagaya layin da mota, har wani dattijo ya fito ya tambaye shi wa yake nema. Dattijon yayan Thamer ne, Abdulghani. Da ya ji sunanki sai ya rungume mijinki, ya ja shi majalisa, ɗakin baƙi, aka kawo gahwa da dabino. Matar Thamer ta aiko daga ciki a gaishe shi, ta ce tana son ranar da kika dawo ku zo cin kifi. Abdulghani ya ce masa, “Mabruk ya akhi! Ƙanena ya rubuto ya ce tun da yake aikin nan bai ga kai irin na matarka ba. Kai ma fanninku ɗaya?” Mijinki ya ce shi a asibiti yake. Mutumin ya ce, “Ma sha Allah, to ka yi dace da mata.”

Ni na ɗauka zai dawo da sanyin zuciya, tunda ya ga gida na mutunci, ya ga ba abin da yake zargi. Wallahi sai ya dawo fuskarsa ta fi ta jiya baƙi. A nan na gane ciwon. Na ce masa, “Ya waladi, da ka tarar mutumin banza ne, da ka fi jin daɗi ko?” Sai ya ɗauko alli na yanka yadi ya fara zana mini a kan teburi yadda ƙasa ke girgiza idan bam ya tashi a cikinta, da yadda take yi idan girgizar Allah ce. Har aka kira Magariba yana bayani. Ban fahimci ko rabi ba, amma ban taɓa ganin idonsa da haske haka ba tun ranar ɗaurin aurenku. Masu saye suka zo suka tafi, ban tsayar da shi ba.

Da ya gama na ce, “Duk wannan yana cikinka, kana zaune kana gadin waya don kada matarka ta ƙara kwana ashirin?” Ya ce, “Baba, ni na koya mata.” Na ce, “Na'am. Ni ma na koya wa yaran shagon can na gaba awon yadi, yau sun fi ni ciniki. Ina jin zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ban je na rufe musu ƙofa ba.”

Ban umarce shi ba, ya binti. Mijinki ne, kuma abin da aka yi don kunyar suruki ba ya daɗewa. Ke ma ki sassauta harshe. Kina rubuta masa labarin nasara kamar mai ba maƙwabci labari, kin manta wanda kike ba wa shi ne ya nema bai samu ba.

Allah ya daidaita ku. Lubabatu tana gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji.

Mahaifinki


Daga Zakiyya zuwa ga Abdulkahar
Sansanin atisaye
Oktoba

Assalamu alaikum.

Ina fatan Wafa' tana lafiya. Baba ya ce in sassauta harshe. Zan gwada, amma ban yi alkawari ba.

Shekaranjiya Dakta Thamer ya kira ni ofis, ya bar ƙofa a buɗe kamar yadda ya saba, ya juyo mini da kwamfuta. Saƙonka ne. Ka rubuta masa da Turancinka mai kyau cewa iyalina suna cikin wani hali, 'yata ba lafiya, ba ta da mai kula da ita, kana roƙon a sallame ni. Bai iya kallon fuskata ba. Ya ce, “Ya ukhti, ni ba na shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Me ya sa ba ki gaya mini yarinyar ba lafiya ba?” Me zan ce masa? In ce lafiyarta ƙalau, tana Sa'alaba tana cin balila, mijina ne ba ya son a ji muryata? Ban ƙaryata ka ba. Na rufa maka asiri, Abu Wafa', a daidai lokacin da kai ka tona nawa.

An ba Muath, wani ɗan Jodan, gabatar da aikin. Yaron kirki ne. Jiya na zauna ina koya masa babina, ina nuna masa inda zai tsaya ya ja numfashi.

Sufetoci sun gano ramin. Na'urori sun kai su yankin, amma abin da ya kai su bakin wurin shi ne tambayar da suka yi kan dalilin kwashe makiyayan Zumurda daga kwari ɗaya. Da aka sanar kowa ya juyo yana tafa mini. Ni kuwa ina tunanin tikiti.

Ka ce ka taɓa gaya mini wannan a mota. Gaskiya ne, na tuna, kuma na faɗa musu tun ranar farko cewa mijina masanin girgizar ƙasa ne, shi ya fara buɗe mini ido. Ka ce a mota, ni na je na zauna gaban tsohuwar na sha shayinta. Duka biyun sun faru. Me ya sa ɗaya sai ya kashe ɗaya?

Da kishin Thamer kake yi da gaske, da na ji haushi, amma da na ce so ne ya yi yawa. Ba shi kake kishi ba. Ni kake kishi. Kujerar da nake kai kake so, kuma tunda ba za ka samu ba, gara a bar ta babu kowa. Wannan ne ban san yadda mace ke kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Na yanki tikiti. Ba zan bar biza ta mutu in rasa hanyar ganin 'yata ba, ka san haka, shi ya sa ka riƙe ta nan. Zan dawo kamar yadda ka ce.

Zakiyya


Daga Abdulkahar zuwa ga Zakiyya
Jidda
Ƙarshen Oktoba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zakiyya, ina fatan kina lafiya. Na ƙara bizar har ƙarshen Disamba. Ki duba, ta fita. Na kuma rubuta wa Dakta Thamer na ce masa Wafa' lafiyarta lau, abin da na rubuta da farko ba gaskiya ba ne, kuma ba da saninki na yi ba. Na roƙe shi ya mayar miki da gabatarwar. Ya amsa da layi ɗaya, ya ce an riga an buga jadawali an raba wa wakilai.

Ba zan yi miki musu ba. Tun da kika tafi, idan na dawo daga asibiti na sa Wafa' ta yi aikin makaranta, sai in zauna a teburin cin abinci in tsara tawa manufar ta Zumurda. Ba wanda ya sa ni. Ina so in ga ko tawa za ta fi taki. Na gama ta, kuma a ganina ta fi taki tsari, ma'aikatu ba sa karo da juna, umarni yana sauka daga sama ba tangarɗa. Da wasiƙarki ta zo na sake buɗe ta ina neman inda na sa mutanen ƙauye. Babu. Ni da na faɗi maganar a mota, da na zauna rubutawa ban tuna da su ba. Da ni aka ɗauka, da an kai ni gidan tsohuwar nan, da lissafin nisan gidanta da filin zan tsaya yi.

Ban ce zafin ya tafi ba. Jiya Zaharaddeen ya sake cewa mijin Dakta, na ji abin ya soke ni kamar farko. Bambancin kawai, yanzu na san ba laifinki ba ne, ba kuma na Thamer ba.

Na kai Wafa' bakin teku da yamma. Ta tambaye ni aikin me Mama take yi. Na ce tana koya wa mutane yadda za su kama masu fasa bam a ɓoye. Ta ce, “Kai fa?” Na ce ina duba na'ura don kada ta ƙona marasa lafiya. Ta ce duka biyun suna da kyau, a saya mata masara.

Ki soke tikitin, ki tsaya ki gama. Abin da na ɓata ba zan iya gyara shi daga nan ba. Ina neman afuwarki, ko da ba yanzu ba.

Mijinki,
Abdulkahar


Daga Zakiyya zuwa ga Abdulkahar
Tsakiyar Nuwamba

Wa alaikumus salam, Abu Wafa'.

Na ga bizar, na tsaya, mun gama. Muath ya karanta babin da kyau, ya ambaci sunana. Ina zaune a baya.

Cibiyar binciken da Dakta Thamer yake aiki a cikinta a Jidda ta ba ni gurbi. Idan na karɓa, iƙamata za ta tashi daga ƙarƙashinka ta koma hannunsu, su zama kafilina, masu ɗaukar nauyin zamana. Ba za a yi ba sai da sa hannunka. Ina so in karɓa.

Jirgina zai sauka ranar Laraba da rana. Lubabatu za ta ɗauke ni, zan sauka gidan Baba. Ka kawo mini Wafa' a ranar, don Allah. Kai kuma kada ka ba ni amsa a tsaye a bakin ƙofa. Ka shigo, ka zauna, ka ci abinci. Ina so in ga fuskarka lokacin da za ka faɗa.

Ka huta lafiya.

Zakiyya